Matashin da ya fito daga gidan gyaran hali: Wa zai tsaya masa?

A ƙarshen daminar bara wata gwaggona da ke aure a wani ƙauye tsakanin Boɗinga da Shagari ta aiko mini da saƙo cewa ɗan maƙwabciyarta ya dawo, tana roƙon in taimaka a sama masa wurin koyon sana'a. Na san yaron tun yana tallan rake a bakin titi. Yana ɗan shekara 18 aka kama shi da abokansa biyu bisa zargin ɗauke injin ban-ruwa a wata fadama. Ya yi wata 14 a tsare, wata 11 daga ciki zaman jiran shari'a ne. Ranar da aka sallame shi, leda ɗaya ya fito da ita da riga biyu a ciki. Wani direba ne ya ji tausayinsa ya ɗauko shi daga Sakkwato, ya sauke shi a bakin hanya bai karɓi ko kwabo ba.

Na kai shi wurin wani mai walda da muka daɗe muna mutunci. Mutumin ya saurare ni har na gama, ya dubi yaron sama da ƙasa, sannan ya ce: "Malam, ni ba ni da matsala da shi. Amma ka ga kayan mutane ne cike da shagon nan. Wa zai tsaya masa?"

Mahaifin yaron ya rasu. Baffansa ya ce shi kam ya gaji da zaryar ofishin 'yan sanda, ba zai ƙara sa hannu a kan kowa ba. Mai unguwa ya ce sai dangi sun fara tsayawa kafin shi. Da na koma na faɗa wa mai waldar, sai ya ce, to ni fa? Na yi shiru. Na tuna kuɗin injin walda, na tuna abin da nake samu a wata, na ce zan yi shawara. Shawarar da ban gama ba ke nan har yaron ya bar gari. Labarin ƙarshe da uwarsa ta samu shi ne an sake kama shi a wata jiha ta Kudu inda ya tafi ci-rani, a wani samame da aka kai tashar da yake kwana.

Na fara da wannan labari ne domin kada mai karatu ya ɗauka daga kan tudu nake magana. Ni ma ina cikin waɗanda aka tambaya suka noƙe. Tun daga ranar kuma nake juya tambayar mai waldar, har na gamsu cewa ita ce uwar duk matsalolin da ke hana matasanmu komawa cikin jama'a bayan sun fito daga tsare.

A ƙasarmu babu abin da matashi zai samu sai da wanda ya tsaya masa. Mai babur ba zai ba ka kabu-kabu kana kawo masa balas ba sai wani ya ce ya san ka. Mai gona ba zai ba ka aron fadama ba, dillalin albasa ba zai ba ka bashin iri da taki ba, tela ba zai bar ka kai kaɗai a shago ba, uban yarinya ba zai saurari maganarka ba, sai an ga babban da ya ce: in wani abu ya faru, ni za a nema. Bankinmu ke nan, takardar shaidarmu ke nan. Wanda ya shiga gidan yari kuwa, abu na farko da yake rasawa shi ne wannan mutum. Gwamnati tana buɗe masa ƙofa ta ce ya tafi, amma ba ta damƙa shi a hannun kowa ba.

Abin da doka ta tanada

A rubuce dai, an yi tanadi. A shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya sunan Hukumar Gidajen Yari zuwa Hukumar Gidajen Gyaran Hali. Dokar ta raba aikin hukumar gida biyu: ɓangaren tsare mutane, da ɓangaren hukuncin da ba sai an kulle mutum ba, kamar yi wa al'umma hidima, ɗaurin talala, sakin mutum bisa sharaɗi kafin wa'adinsa ya cika, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. Sashe na 35 ya hana a haɗa ƙananan masu laifi da manya a wuri ɗaya, ya kuma ce a kafa makarantun horar da su a kowace jiha, na maza daban, na mata daban. Sashe na 14 ya yi maganar ilimi da koyar da sana'a, har da takardar shaidar kyakkyawan hali da za a ba wanda ya natsu a zamansa, wadda doka ta ce duk mai riƙe da ita ba za a nuna masa wariya don ya taɓa zaman kaso ba.

Kafin wannan akwai dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi nasu irinta, har da Sakkwato. A 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a dokar kare haƙƙin yara ta jihar. A watan Maris na 2023 kuma aka gyara kundin tsarin mulki, aka ba jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali, abin da a da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da hurumi a kansa.

Sai dai duk wanda ya taɓa raka wani ɗan'uwansa kotu ya san nisan da ke tsakanin takarda da ƙasa. Shekara da shekaru, makarantun horar da kangararrun matasa da Gwamnatin Tarayya ke ji da su uku ne: ta Kakuri a Kaduna, ta Ganmo kusa da Ilori, da ta Abekuta. Uwar da ke Kajiji ko Sifawa, in an kai ɗanta Kaduna, tafiyar yini guda ce a mota, da kuɗin da ba ta taɓa riƙe irinsa a hannu ba. In ba a kai shi can ba, musamman idan ya fara gemu kuma babu takardar haihuwar da za ta nuna shekarunsa, sai a rubuta masa shekarun manya a tura shi cikinsu. Zama da maɗaukin kanwa kuwa an san abin da yake kawowa.

Zaman da ba a koyon komai

Alƙaluman da Hukumar Gidajen Gyaran Hali ke fitarwa da kanta sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya ba a yanke musu hukunci ba. Wannan yana da nasaba kai tsaye da abin da ke faruwa bayan fita. Wuraren koyon kafinta da ɗinki da walda da ke wasu gidajen, galibi waɗanda aka yanke wa hukunci ne ke amfana da su, domin su aka san ranar fitarsu. Mai jiran shari'a yana zaune ne kawai yana ƙirga ranar komawa kotu. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana koyar da fursunoni kyauta, abin a yaba, amma yaron da ko firamare bai gama ba ina shi ina jami'a?

Saboda haka matashi irin wanda na ba da labarinsa yakan fito ba sana'a, ba karatu, ga ƙazuwa da tari, ga sabbin abokai da lambobin wayarsu a ka. Damina biyu ta wuce shi. Ɗan abin da uwarsa ta mallaka, akuya ko tunkiya, ya tafi wajen neman beli da kuɗin motar ziyara. Layin wayarsa kamfani ya riga ya ba wani. Wani lokaci ma kotu ta ce ba ta same shi da laifi ba, amma a idon gari duk ɗaya ne: an dai ga an tafi da shi da ankwa.

Ranar sallama kanta abin dubawa ce. A watan Nuwamba na 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 da rashin kuɗin tara ya riƙe, bayan an tara Naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hannu da shuni. Aka ba kowannensu Naira 10,000 na komawa gida. Aikin alheri ne, babu mai musu. Gwamnoni da attajirai da 'yan siyasa ma sukan yi irinsa da azumi ko da sallah, a ɗauki hoto a bakin ƙofa, a yi wa waɗanda aka saka nasiha su zama mutanen kirki. Abin da ban taɓa gani ba shi ne a dawo bayan wata shida a faɗa wa jama'a nawa ne cikinsu suka samu abin yi, nawa ne suka koma ciki. Ana kashe kuɗi a fitar da mutum, ba a ware ko sisi don a ga ya zauna a waje.

Haka aka yi da yaran da aka kama lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, waɗanda wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a kotu a Abuja a farkon Nuwamba. Duniya ta yi ca, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su, Mataimakinsa Kashim Shettima ya miƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna. Waɗannan sun yi sa'a kyamara ta gan su. Ɗan Dandin Mahe da aka saki shi kaɗai ranar wata Talata, babu wanda ya san ya fito sai uwarsa.

Ƙofofin da ke rufe a gida

Ƙofa ta farko ita ce ta cikin gida. A ƙauye abin kunyar mutum ɗaya na zuri'a ne gaba ɗaya. An fasa auren ƙannen wasu saboda yayansu ya yi zaman kaso. Don haka sai ka ga dangi sun fi son yaron ya yi nisa, a haɗa masa kuɗin mota ya tafi Legas ko wurin haƙar zinari, a huta da nuni da baki. A can kuwa babu mai ce masa bari.

Ta biyu ita ce ta abin yi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya sa Sakkwato a kan gaba wajen talauci mai fuskoki da yawa, inda kusan mutum 9 cikin 10 ke ciki. A inda mai takardar difloma ke neman ƙwadago bai samu ba, wa zai ɗauki wanda ake kira ɗan fursuna? Aikin ɗamara kuwa, soja ko ɗan sanda ko kwastan, sharaɗinsa a fili yake: kada kotu ta taɓa samun ka da laifi. Yaron da ya saci waya yana ɗan shekara 18 zai kai 40 wannan tabo na bin sa. A Ingila tun 1974 suke da dokar da ta ce ƙaramin laifi, in aka ɗauki wasu shekaru mutum bai sake ba, ba dole ne ya riƙa ambatonsa wurin neman yawancin ayyuka ba. Mu nan abin da muke da shi shi ne waccan takardar shaidar kyakkyawan hali, wadda ban taɓa haɗuwa da mai shagon da ya ji labarinta ba.

Ta uku ita ce ta zargi. Daga ranar da ya dawo, duk kazar da ta ɓata a unguwa ƙofarsa za a fara bugawa. A wannan zamani na 'yan bindiga abin ya wuce maganar kaza. Da zarar an ce akwai infoma a gari, sunan da zai fara zuwa bakin mutane shi ne na wanda ya taɓa zaman gidan yari. Wannan zargi yana iya cin ran mutum kafin a kai ga hukuma. Yaron da ya ga haka, ya kuma san cewa a daji akwai masu karɓarsa ba tare da sun tambaye shi wa zai tsaya masa ba, sai Allah Ya kiyaye kawai.

Ta huɗu ita ce ta ƙwaya. Da yawa cikin waɗannan yara shaye-shaye ne ya kai su ga ɗauke-ɗauke tun farko. Kulle mutum ba ya warkar da wannan ciwo. Muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, hukumar NDLEA ma tana da ɓangaren ba da shawara da gyaran masu shaye-shaye, amma babu wata igiya da ta haɗa ƙofar gidan gyaran hali da waɗannan wurare. Iyayen da suka rasa yadda za su yi sukan koma ga gidan mari, alhali mun ga abin da aka bankaɗo a irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019.

Idan mace ce kuwa, sai a ninka duk abin da na lissafa. Namiji yana iya tafiya ci-rani ya dawo bayan shekara biyar da babur, a manta. Yarinyar da ta fito daga tsare, sau da yawa gidan ubanta ma ba ya karɓar ta, maganar aure kuma ta mutu.

Masu cewa a bar su su ɗanɗana

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a gaban idona. Manomin da aka ɗauke wa injin ban-ruwa ana tsakiyar rani, albasarsa ta bushe, bashi ya hau kansa, wa ya tausaya masa? Ga yaran kirki nan birjik da ba su taɓa ɗaukar allurar kowa ba, ba a ba su jari ba, sai ɓarawo za a ba? Ashe ba a koya wa na baya cewa hanyar samun keken ɗinki ita ce a fara shiga gidan yari ba?

Maganar tana da nauyi, kuma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma dole ya yi tsalle. Amma a duba wanda ke biyan kuɗin wannan fushi. Yaron da aka rufe wa kowace ƙofa ba ɓacewa yake yi ba. Yana nan a bayan kasuwa, yana nan a tasha, kuma injin da zai ɗauka nan gaba na wani manomin ne. Gwamnati kuma za ta sake ciyar da shi da kuɗinmu: a 2024 aka ƙara kuɗin abincin kowane fursuna daga Naira 750 zuwa Naira 1,125 a rana, wato sama da Naira 400,000 a shekara, ban da albashin gandurobobi da man motar kai shi kotu. Wannan kuɗi ya isa a biya wa yaro ladan koyon sana'a a saya masa kayan aiki.

Shi kansa manomin da aka cuta, me ya samu daga wata 14 da yaron ya yi a kulle? Ba a mayar masa da injinsa ba. Da an zaunar da su gaban alƙali da uban ƙasa, an yanke cewa yaron zai yi masa aiki a gona ko ya riƙa biyansa kaɗan-kaɗan, da ya rage asara. Doka ta ba da wannan dama, kuma sulhu ba baƙon abu ba ne a ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga.

Akwai kuma wani abin da ya kamata mu tambayi kanmu. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983, sojoji sun tsare Alhaji Shehu Shagari har zuwa 1986. Da aka sake shi, garin Shagari ya koma, mutanensa suka karɓe shi da mutunci, a can kuma aka yi masa sutura a Disamban 2018. Cif Olusegun Obasanjo ya fito daga kurkuku a 1998, a 1999 ya zama shugaban ƙasa. Janar Buhari ya yi fiye da shekara uku a tsare bayan an hamɓarar da shi a 1985. Ba ina kwatanta tsarewar siyasa da satar inji ba ne. Abin da nake nunawa shi ne mun iya karɓar wanda ya fito daga tsare in muna ganin namu ne. Ɗan talakan da kotu ma ta wanke bai samu ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Tunda matsalar ta mai tsayawa ce, maganin ma a nan yake. A wani gari da ke kusa da madatsar ruwan Shagari na ga yadda wani limami ya yi da wani yaro da ya dawo daga ɗaurin shekara ɗaya. Bayan sallar Juma'a ya kira baffannin yaron da mutumin da aka yi wa satar, aka nemi gafara a gaban shaidu. Sannan ya je da kansa wurin wani mai fadama ya ce a yanka wa yaron ɗan wuri, in an yi asara shi za a tambaya. Sharaɗinsa ɗaya: kullum da asuba ya gan shi a sahu. Rani biyu ke nan yaron yana noma albasa da tattasai. Liman bai kashe ko Naira ba, sunansa ya ba da aro.

Abin da ake buƙata shi ne a mayar da irin wannan ya zama tsari, kada a bar shi ga sa'a. A Japan akwai 'yan sa-kai sama da 40,000 da ake kira hogoshi, dattawan unguwa ne da gwamnati ke naɗawa ba tare da albashi ba, kowane yana kula da mutum ɗaya ko biyu da suka fito daga tsare, yana ganawa da su a kai a kai, yana taya su neman aiki. Mu da muke da masu unguwanni da limamai da sarakunan sana'a a kowane lungu, ba mu da uzurin rasa irin wannan.

Na farko, kada a sake sallamar matashi ba tare da an sanar da gida ba. Wata guda kafin ranar fitarsa, jami'in jin daɗin jama'a na gidan gyaran hali ya aika wa sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarsa da uban ƙasarsa. A nemo wanda zai karɓe shi, a yi zaman sulhu da wanda ya cuta tun kafin ya iso.

Na biyu, a cire wa mai tsayawa tsoron asara. Abin da ya hana ni buɗe baki a shagon mai walda shi ne tunanin wa zai biya in wani abu ya ɓata. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, tare da ƙananan hukumomi, za su iya ware wani asusu da zai ɗauki rabin asarar in ta faru, ya kuma biya wa yaron ladan koyo na shekara guda kai tsaye a hannun mai shagon. Waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin mutum takwas da zakka ta halatta a ba su, matalauta kuma su ne a sahun farko. Masu biyan tarar fursunoni da azumi su ma su raba kuɗin biyu: rabi na fitarwa, rabi na zaunarwa.

Na uku, jiha ta yi amfani da damar da gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba ta, ta kafa makarantar horar da matasa masu laifi a cikin Sakkwato, mai gona da wuraren koyon sana'a, inda uwa za ta iya zuwa ta ga ɗanta ta koma gida a yini ɗaya. Yaron da ba a yanke zumuncinsa da gida ba ya fi sauƙin komawa gida.

Na huɗu, alƙalan kotunan majistare da na shari'ar Musulunci su rage tura yara gidan yari a kan laifin da bai kai ya kawo ba. Wanda ya saci buhun gero, sharar asibitin garinsu na wata uku da biyan mai gero ya fi amfani ga kowa da kowa. Wanda bai shiga ba, ba a shan wahalar dawo da shi.

Na biyar, kowane matashi ya fito da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, da takardar da ke nuna abin da ya koya, da takardar asibiti in yana da matsalar ƙwaya. 'Yan sanda da 'yan sintiri kuma a ja musu kunne: tsohon laifi ba hujjar sabon kamu ba ce.

Na ƙarshe namu ne, mu jama'ar gari. Mu muke cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma mu ne kan gaba wajen yankewa. Malamanmu su riƙa taɓo wannan magana a huɗuba, domin mai tuba yana da haƙƙi a kan al'umma kamar yadda wanda aka zalunta yake da shi.

Kwanan baya gwaggona ta sake kira na. Ta ce an ce yaron zai fito bayan sallah babba, uwarsa tana tambaya ko har yanzu akwai wuri a shagon mai waldar. Na je na same shi, ya ce wuri yana nan, tambayarsa ma tana nan. Na ce masa: "Maigida, rubuta sunana." Ban san yadda za ta kaya ba, kuma ba zan ɓoye cewa gabana yana faɗuwa ba. Amma na riga na ga yadda take kayawa idan kowa ya ce zai yi shawara.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace.

Marubucin ɗan jarida ne mai zaman kansa, ya rubuto daga Sakkwato.